Littafi Ma Ya Riƙa Cin Kasuwar Ƙauye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta zama ruwan dare a tarurrukan ilimi, wato wai mutanenmu ba sa son karatu. Kowane babban baƙo ya hau mumbari sai ya maimaita ta, a tafa masa, a watse. Ni na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a makarantun firamare na ƙauyukan Jigawa kafin in yi ritaya, kuma ban yarda da maganar nan ba. Yaron da tun da aka haife shi bai taɓa riƙe wani littafi ba in ban da na jarrabawa, shi ma su huɗu suke leƙa guda ɗaya, da wane baki za a ce ya ƙi karatu? Ai sai an ba mutum tuwo ya ture kwano sannan a ce ya ƙoshi.

Ɗakin karatu mafi kusa da garinmu yana can cikin birni. Kuɗin motar zuwa da dawowa ya isa cefanen kwana biyu a gidan talaka, ga shi matar aure ko yarinya ba ta da dalilin da za ta kafa a bar ta ta yi wannan tafiya don aron littafi. Saboda haka nake ganin a juya lissafin. Tun da ƙauye ba zai je wurin littafi ba, littafi ya riƙa zuwa ƙauye, kamar yadda ɗan koli yake bin kasuwanni da kayansa, yau yana nan, Alhamis yana Maigatari, kowa ya san ranarsa.

Ba da ka nake magana ba, mun ɗan gwada. Bayan na ajiye aiki, ni da wasu malamai uku daga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da mu muka yi karo-karon littattafan da ke gidajenmu. Da na labarai, da na waƙoƙi, da tsofaffin mujallu, da 'yan na Turanci masu hotuna, duka ba su cika ɗari ba. Muka zuba su a wata tsohuwar adakar ƙarfe da uwargidana ta sadaukar bayan doguwar muhawara. Muka yanke cewa adakar ba ta kowa ba ce, ta garuruwan nan huɗu ce, kowane gari da ranarsa a mako, ana ɗaure ta a bayan babur da igiyar roba a kai ta.

Ranar farko a garinmu, bayan la'asar, na shimfiɗa tabarma biyu a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa na baje littattafai. Yara suka yanyame ni, suna taɓawa da ɗan yatsa kamar abin zai cije su. Manya kuwa suka tsaya nesa-nesa suna kallo, wani har yana tambaya ko rajistar zaɓe ake yi. Da na ga shirun zai yi yawa sai na ɗauki wani littafin tarihi na fara karantawa da ƙarfi, wurin da ake bayanin fataken da suke zuwa Gwanja sayo goro. Ban kai ƙarshen shafi ba sai wani tsoho da ke jingine da bango, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, dakata. Wanda ya rubuta wannan bai bi ayari ba." Kakansa ya yi fatauci, kuma ya riƙe labarin a kansa: yadda madugu yake tsara tafiya, yadda ake sauka a zango, yadda ake lulluɓe goro da ganye ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe a hanya. Aka manta da ni da littafina. Har aka kira magariba mutane ba su tashi ba, kuma da aka idar da salla wasu suka dawo.

Mako na gaba na sa wata yarinya 'yar aji shida ta zauna kusa da shi da littafin rubutu mai shafi sittin, yana faɗa tana rubutawa. Muka jefa littafin cikin adaka ya tafi gari na gaba. Can da aka karanta musu sai rigima ta tashi, domin tsohon namu ya ce kakanninmu ne suka haƙa wata tsohuwar rijiya da ke tsakanin garuruwan biyu, su kuma suka ce atafau nasu ne. Suka sa malaminsu ya rubuta raddi a shafin da ke biye. Yanzu littattafan rubutun nan sun zama uku, cike da tarihin unguwanni, da kirarin mafarauta, da waƙoƙin daɓe da na niƙa da tsofaffin mata suka bayar, da sunayen irin gero da dawa da aka daina shukawa. Duk cikin adakar babu abin da ake rububi kamarsu. Maganar rijiya dai har yau ba a raba gardama ba, amma dalilinta dattawan garuruwan biyu sun ziyarci juna sau biyu, abin da a da sai ta'aziyya take haɗa su.

Wannan ne abin da nake so masu tsara manufofin ilimi su gane. Littafin da aka kai ƙauye a rana sananniya, a wuri sananne, dandali yake buɗewa. Wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba ya saurara ya kuma yi gyara. A nan ne malamin gona zai tarar da manoma a tare ba sai ya yi shela ba, a nan ne mai waƙa zai gwada sabuwar waƙarsa.

Mata kuwa ta bayan gida suka shigo. Ba sa zuwa gindin bishiya, amma 'yan mata masu talla sukan zo da saƙo: "Wai in ji Inna a ba ta mai labari, ba mai wa'azi irin na wancan makon ba." Littafi ya tafi a ƙarƙashin faifan ƙosai, ya dawo da tabon mai. Da farko abin yana ɓata mini rai, daga baya na lura tabon nan shaida ce cewa an karanta. Akwai wata matar aure da aka cire daga ƙaramar sakandare, yanzu ita ce mai karanta wa matan gidansu da na maƙwabta bayan isha'i, da fitilar waya. Wata rana ta aiko a gaya mini littafin da na ba ta babu shafukan ƙarshe, kuma matan sun ce ba su yafe ba sai na nemo musu yadda aka ƙare.

Kada in yi ta yabon kaina, mun sha wuya. Gara ta shiga adakar a wata damina ta cinye mana littattafai fiye da goma. Mai babur ya taɓa faɗawa cikin kwari da ita, muka kwana biyu muna shanya takardu a kan danga. Wasu littattafan sun tafi ba su dawo ba, musamman a hannun samarin da suka tafi cin rani. Limamin ɗaya daga cikin garuruwan ya nuna damuwa a kan littattafan soyayya, kuma ban ga laifinsa ba. Muka kai masa adakar har zaurensa ya duba da kansa, ya ware biyu ya ce a ajiye wa manya, sannan ya ƙara mana da wasu waƙoƙin wa'azi na ajami daga nasa taskar. Su ne suka jawo mana almajirai da magidantan da suka yi allo ba su yi boko ba, mutanen da a takardun hukuma ake lissafa su cikin marasa ilimi alhali suna karatu da rubutu. Na kuma je wani ofis neman taimako har sau uku. Aka karɓi takardata, aka yaba, aka ce in dawo bayan kasafin kuɗi. Kasafi uku ke nan sun wuce.

Abin da muke yi ba mu muka fara ba, kuma wasu sun yi shi da tsari fiye da namu. A Kenya, hukumar ɗakunan karatu ta ƙasar ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a yankin Garissa a 1996, don ta isa ga makiyayan arewa maso gabashin ƙasar inda mota ba ta shiga. Raƙumi ɗaya da littattafai, wani da tanti da tabarmi, in an isa a kafa a baje. Amma akwai darasi a ciki: yawancin littattafan na Turanci ne da Swahili, mutanen wurin kuwa Somaliyanci suke yi a gida. A Zimbabwe, tun 1995 ake amfani da amalanken jaki a gundumar Nkayi, wasu ma an ɗora musu farantin sola. A Kolombiya wani malamin firamare mai suna Luis Soriano ya fara yawo da littattafai a kan jakunansa biyu, Alfa da Beto, a ƙarshen shekarun 1990, yana bin ƙauyukan jihar Magdalena a lokacin da yankin ke fama da 'yan bindiga. Wanda ya fi burge ni shi ne na Sifen. A 1931 gwamnatin ƙasar ta riƙa tura ayarin malamai da ɗalibai zuwa ƙauyuka masu nisa, ɗauke da littattafai da garmaho da majigi da 'yan wasan kwaikwayo, in za su tashi su bar wa gari ƙaramin ɗakin karatu, galibi a hannun malamin makaranta. Sun bar dubbai kafin yaƙin basasar 1936 ya katse aikin.

Mu ma a Arewa mun san wannan hanya, mantawa muka yi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin yadda kwafi ɗaya yake isa gari guda: malamin hakimi ya karanta, jama'a su kewaye shi. A shekarun 1950 ga Yaƙi da Jahilci, ga hukumar NORLA tana buga ƙananan littattafai masu araha da Hausa da wasu harsunan Arewa, ga ɗakunan karatu na En'e, ga motar majigi tana bin garuruwa ana kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Duk wanda ya kai shekaruna ya san yadda gari yake ɗaukar harama ranar da aka ce majigi ya iso. Idan an iya wannan lokacin da babu kwalta, mene ne uzurinmu yau?

Za a ce mini ai yanzu komai yana cikin waya. To, a garinmu sai an biya kuɗi ake cajin waya, sabis kuma sai an hau tudun bayan makaranta. Wayar ma ta maigida ce, tana aljihunsa yana gona ko yana Legas. Ban ƙi a zuba littattafai da karatun murya a katin waya a haɗa cikin akwati ba, zai ma taimaki makafi da tsofaffi. Amma waya kowa shi kaɗai yake sunkuyawa a kanta, tsohon nan mai sanda ba zai sami inda zai ce "dakata" ba.

Roƙona ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari da masu hannu da shuni shi ne kada a fara da sayen doguwar mota mai fenti da hoton wani a jiki. Mun san ƙarshen irin wannan: a yi bikin ƙaddamarwa, taya ta fashe, a jingine ta a sakatariya kaji su riƙa ƙwai a ciki. Akwatin ƙarfe mai marfi da gara ba ta shiga, da babur ko amalanke, da tabarmi, sun isa. Garuruwa biyar ko shida su haɗa hannu kamar adashi, akwatuna su riƙa juyawa a tsakaninsu, ta yadda littafin da wannan gari ya gama da shi zai zama sabo a wancan. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27. Ko a kowace aka sami da'ira ɗaya ta irin wannan, an fara. Kuɗin da ya kamata a kashe da gaske shi ne na mutumin da zai riƙe akwatin, mace ko namiji, wanda ya iya karatu da murya mai daɗi, ya san boko ya san ajami, kuma ba ya saɓa rana. Ranar nan ita ce jarin. Sau ɗaya muka fasa zuwa wani gari ba sanarwa, sai da muka yi wata guda kafin jama'a su dawo kamar da. A kuma nemi mace a kowane gari da za ta riƙa shiga gidaje da nata ƙunshin. Littattafan su zama da harshen da ake magana da shi a wurin, kuma inda akwai rugage a kusa a nemo na Fulatanci a sa su cikin zagayen. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 tana da makarantu a irin waɗannan wurare, ana iya farawa daga nan.

Kai ma, Malam Edita, ina da buƙata a wurinka. Na san kowane mako akwai kwafin jaridarku da suke yin kwantai, su ƙare a wurin mai tsire da mai ƙosai. Ku ware mana ko ashirin a wata, mu da duk wasu masu irin wannan ƙoƙari. Labarin da ya tsufa a Kano, a gindin darbejiyarmu sabo ne, kuma shafin waƙoƙi da na wasiƙu ba sa tsufa. In kun buga wannan wasiƙa, ita ma za ta shiga adaka ta zaga garuruwan nan huɗu, kuma na tabbata mutanen gari na biyu za su ce ban faɗi maganar rijiya daidai ba.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
daga wani ƙauye a Jihar Jigawa