Wasiƙa a kan garin ƙungiyoyi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin ƙasar da kake? Da fatan kai da iyali kuna lafiya. A wasiƙarka ka ce lissafin da ake cewa 1 da 1 sun zama 0 wasan yara ne. To, ga abin da wasan yaran ke iya yi.

Ɗauki gari mai mutum 32 da ke son kafa ƙungiyoyi, ba a yarda ƙungiyoyi biyu su zama da mutane iri ɗaya sak ba. Dokar farko: mutanen kowace ƙungiya su zama cika, wato su rabu biyu daidai, haka ma mutanen da kowaɗanne ƙungiyoyi biyu suka yi tarayya a kansu. Wannan mai sauƙi ne. A haɗa mutanen bibbiyu, a sami 16, kowane biyu su shiga tare ko su ƙi tare. Za a sami ƙungiya 65,536, har da wadda ba kowa a cikinta.

Yanzu a taɓa doka ɗaya kawai: mutanen kowace ƙungiya su zama mara, tarayyar kuwa ta zauna a cika. Nawa kake zato? 32, ko ɗaya ba za ta ƙaru ba. Elwyn Berlekamp ya tabbatar da wannan a 1969.

Hujjar ce ta fi burge ni. Mayar da kowace ƙungiya jeri mai gurbi 32: wanda yake ciki ka sa masa 1, wanda ba ya ciki 0. In ka ninka jeri biyu gurbi da gurbi ka tara, abin da zai fito shi ne yawan mutanen da suka yi tarayya. A lissafin nan da ka raina, cika 0 ce, mara 1. Ke nan kowace ƙungiya da kanta tana ba da 1, da wata kuwa 0. To, a ce ka tara wasu jeruka sun ba ka sifili zalla. Ninka jimlar da ɗaya daga cikinsu: gefe guda 1, ɗaya gefen 0, abin da ba ya yiwuwa. Saboda haka kowane zaɓi na ƙungiyoyi yana da tasa jimlar daban, don da biyu sun zo ɗaya, haɗa su zai ba da sifilin nan. In ƙungiyoyin sun kai 33, jimlolin za su ninka dukkan jerukan da ake da su sau biyu, babu gurbin zuba su. Ka ga ba mu tsaya ƙirga ƙungiyoyin ɗaya-ɗaya ba, faɗin filin da suke zaune muka auna.

Ba a nan kaɗai dabarar ke ci ba. Akwai wani wasan kati da ake kira SET. Katinsa guda 81 ne, kowanne da siffa huɗu, kowace siffa iri uku, wato lissafin da 3 ke komawa 0. A wasan ana neman kati uku da suka dace, wato a kowace siffa ko dai duka ukun iri ɗaya ne, ko kowanne da nasa irin. Mafi yawan katin da za ka shimfiɗa ba a sami ukun da suka dace ba shi ne 20. In siffofin suka yawaita fa? An daɗe ana fama, sai a 2016 Ellenberg da Gijswijt, bisa hanyar Croot da Lev da Pach, suka nuna cewa duk siffar da aka ƙara, iyakar tana ninkuwa da kimanin 2.756 ne, ba 3 ba. Hujjar ba ta wuce 'yan shafuka ba, abin har da ban haushi.

Ga naka aikin: juya dokar, ƙungiya cika, tarayya mara, mutum 32 dai. Kada ka yi gaggawar cewa 32. Ina jiran amsarka da hujjarta.

Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka,
Abokinka na tun makaranta