Kafin a sa wa Hilux injin 5L na bas

Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu tsofaffin Hilux da ke cire injin 3L su sa 5L. Canjin yana da kyau: 3L lita 2.8 ne, 5L kuwa lita 3.0, kuma 'yan gida ɗaya ne, giyabos ɗin yana kamawa ba sai an yi walda ba.

Inda ake samun matsala, yawancin injinan da ake sayowa a Ƙofar Ruwa ko Fanteka daga bas ɗin Hiace aka ciro su. Kaskon man injinsu daban ne, yana iya taɓa difiranshal (akwatin giya da ke raba ƙarfi ga tayoyi) na gaba a motar da tayoyinta huɗu duka ke ja. Dole a mayar da kaskon tsohon injin tare da bututun da ke zuƙo mai da sandar awo, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. Ƙafafun zaman inji ma na Hilux ake ɗaurawa.

A duba famfon gas ɗin (mai tura dizal cikin inji) sosai. Na 5L-E, wani nau'in 5L, da kwamfuta yake aiki, ba zai tashi ba sai da ita da wayoyinta.

Tun injin yana ƙasa a sa sabon bel ɗin taimin, domin in ya tsinke fistin zai doki bawul. A kuma wanke lagireto.

Naka,
Wani makaniki, Kano