Wasiƙa daga Norman: Abin da rada ke gani a goshin sanyi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, ka ce in fayyace maka aikin da ya riƙe ni a garin Norman na jihar Oklahoma, a Amurka. To, ga shi.

A nan, daga Maris zuwa Mayu, busasshiyar iska mai sanyi kan gangaro daga Kanada ta tarar da mai ɗumi da laima da ke tasowa daga tekun Meksiko. Mai sanyin ta fi nauyi, sai ta kutsa ta ƙasa ta ɗaga mai ɗumin. Inda suka haɗu shi ne goshin sanyi. Ni abin da nake bibiya a wurin shi ne saɓanin iska: ta ƙasa na kaɗawa daga wannan gefe, ta samanta daga wancan, ƙarfinsu ma ba ɗaya ba. Idan bambancin gudu tsakanin doron ƙasa da tsayin kilomita 6 ya kai mita 20 a daƙiƙa, hadari na iya fara juyawa, kuma irinsa ne ke haifar da mahaukaciyar guguwa.

Radar da muke aiki da ita, WSR-88D, akwai irinta kusan 160 a hannun Amurka. Tana harba siginar rediyo, ya bugi ɗigon ruwa ko ƙwari ya dawo, daga nan ta gane ko abin yana nufo ta ko yana nesantarta. Kore na nufin yana zuwa, ja yana tafiya. Iskar da ke gilmawa ta gefe kuwa, sifili take ba ta, sai wani siririn layi ya fito tsakanin launukan biyu. Wannan layin nake ƙura wa ido. Tunda siginar na ƙara hawa sama yayin da yake nisa, tsakiyar allo ƙasa ce, gefensa sama. Idan layin ya lanƙwashe kamar harafin S, iska na karkata irin ta hannun agogo yayin da ake hawa, alamar ɗumi na shigowa. A bayan goshi S ɗin kan juya baya. A kan goshin kansa kuma layin karyewa yake yi kwatsam.

Ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Lissafin da kwamfuta ke yi don fitar da iskar kowane tsayi ya ginu ne a kan cewa iska iri ɗaya ce a duk kewayen rada. Amma lokacin da goshi ke ratsawa, rabin kewayen na cikin iskar kudu, rabi na cikin ta arewa maso yamma. Wato a daidai lokacin da aka fi bukatar lissafin, a lokacin ne ba a dogara da shi. Sannan ko an sunkuyar da siginar zuwa rabin digiri, a nisan kilomita 100 ya haura kusan kilomita ɗaya da rabi, siririyar iskar sanyi sai ta wuce ta ƙarƙashinsa. Shi ya sa ba na yarda da hoton rada sai na haɗa da tashoshin auna yanayi na ƙasa 120 na jihar Oklahoma, da ake kira Mesonet, masu aiko da awo duk minti 5.

Mu ba mu da irin wannan goshi a Kano, amma saɓanin muna da shi. Da damina iskar ƙasa daga kudu maso yamma take, ta sama mai ƙarfi daga gabas, shi ne ke jera hadarinmu a layi, ya turo sanyi da ƙura gaba. A 2006 an kafa radar jami'ar MIT a Yamai don nazarin wannan, ƙarƙashin shirin binciken daminar Afirka mai suna AMMA. Burina in ga irin wannan ido a buɗe kullum a kan garuruwanmu, saboda matuƙin da ke sauke jirgi da yamma da mai rufin kwano duk suna bukatar gargaɗi tun hadari bai iso ba.

Don Allah idan ruwa ya sauka bana, ka riƙa rubuta mini lokacin da iska ke juyawa kafin ruwan. Ka gaida mutanen gida da abokai baki ɗaya.

Naka har kullum.