Keken yarinya ɗaya cikin kyauta biliyan biyu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a shafin wasiƙu na wannan jarida mai farin jini in yabi wani fim. Na san wasu za su ce me ya haɗa dattijuwa Musulma daga ƙauye a ƙasar Ringim da katun ɗin Kirsimeti. A yi haƙuri a ji ta bakina tukuna.

Sunan fim ɗin Arthur Christmas. Ya fito a 2011, kamfanin Aardman na birnin Bristol a Ingila ne ya yi shi tare da Sony, kuma wata mata, Sarah Smith, ita ta ba da umarni. Jikana ne ya turo shi a memori daga shagon masu tura fim ranar kasuwa. Dokar gidana ita ce yara ba sa kallon abin da ban fara gani ba, don haka na zauna muka kalla tare a wayar babansu, inda Turancin ya fi ƙarfina yaron yana yi mini tafinta. Ban ji wa'azi a ciki ba, ban ga abin kawar da kai ba. Tatsuniya ce ta Turawa a kan tsohon nan mai jar riga da farin gemu da suke cewa yana raba wa yara kyauta a dare ɗaya.

Abin da ya zaunar da ni shi ne yadda suka tsara rabon. Na daɗe ina aikin lafiya a matakin mazaɓa, na jagoranci masu ɗiga maganin shan inna gida-gida kafin in yi ritaya, saboda haka na san wahalar a ce kowane gida sai an shiga, kowane yaro sai an gani. Masu fim ɗin nan sun zauna sun yi lissafi irin na masu aiki. Kyauta biliyan biyu ne za a kai kafin gari ya waye. Sai suka mayar da abin aikin soja sak. Akwai wani jirgi da ake kira S-1, faɗinsa ya kai mil guda, yana tsayawa a kan gari ya saje da sararin sama har ba a ganinsa. Daga cikinsa wasu 'yan gajerun halittu masu tsinin kunne, sanye da kaki, suke sulmiyowa ta igiya, uku-uku, kowane gida daƙiƙa 18.14 aka yanka masa. Wannan ya buɗe taga, wannan ya ajiye kaya, wannan ya duba na'ura. A can ƙarshen arewacin duniya kuwa, ƙarƙashin ƙanƙara, akwai ɗakin ba da umarni cike da kwamfutoci, inda babban ɗan tsohon, Steve, yake tsaye da kakinsa yana ƙidaya ƙasashen da aka gama. Har gemunsa an aske shi da siffar bishiyar bikin nasu, abin da ya sa yara suka yi ta dariya.

Da na ga uku-ukun nan sai na ce wa jikana ai mu ne. Mai ɗiga magani, mai rubutu, da wakilin mai unguwa da ke yi mana sallama a ƙofar gida. Su suna da na'ura, mu muna da alli da muke rubuta lamba a bango, da tawadar da muke shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa, da akwatin ƙanƙara da ake tsere da rana kafin ya narke. Da yamma a hallara a baje takardun ƙidaya.

To a nan labarin ya ɗauko. Cikin hargitsin wani yaro da ya kusa farkawa ya ga tsohon, kyauta ɗaya ta faɗo daga bel ɗin da ke tafiya da kaya ba wanda ya lura. Keke ne ruwan hoda, na wata yarinya Gwen da ke ƙauyen Trelew a yankin Cornwall na Ingila. Sai bayan an dawo ana tafi ana murna wata ma'aikaciyar naɗe kaya, Bryony, ta tsince shi. Steve ya ɗauko lissafi ya nuna cewa ɗaya cikin biliyan biyu ba ya ko kai a kira shi kuskure, a bari a aika mata bayan 'yan kwanaki. Uban, wanda wannan ce fitarsa ta 70 kuma ya ƙi sauka daga kujera, ya ji haka ya tafi ya kwanta. Ƙaramin ɗan, Arthur, shi ne ya kasa barci. Aikinsa amsa wasiƙun yara ne, an ajiye shi can ne don kada ya ɓata wa mutane aiki, gaula ne mai tuntuɓe da silifas, yana tsoron bisa yana tsoron gudu. Amma ya karanta wasiƙar yarinyar, ya amsa mata da hannunsa cewa keken zai zo.

Malam Edita, na sha zama a taron yamma irin wannan. A ce an samu kashi 98 cikin ɗari a tafa, ni kuma ina riƙe da takardar da ke cewa akwai yara biyu a wata ruga bayan fadama da suka bi shanu ba mu same su ba. Maganar mai lissafi gaskiya ce, ba ƙarya ya yi ba. Sai dai shi adadi yake gani, wadda ta je ƙofar bukkar kuma ta san sunan uwar yaran. A aikinmu ma abin ya wuce keke, domin ƙwayar shan inna tana iya yawo a jikin yara da dama ba alama, kusan ɗaya cikin 200 take shanyewa, saboda haka yaron da aka tsallake shi ne mafakarta. Kano ta ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a Sumaila a Yulin 2014, Najeriya ta ga na ƙarshe a Borno a 2016, sannan a Agustan 2020 aka tabbatar wa Afirka cewa ta rabu da ainihin ƙwayar ta daji. Komawa gidajen da aka tsallake, kashegari da jibi, yana cikin abin da ya kai mu nan.

Amma ga inda na fi jinjina wa masu fim ɗin, kuma a nan muka saɓa da jikokina. Su Arthur suke so, sun tsani Steve. Ni ban tsane shi ba, kuma fim ɗin ma bai mai da shi mugu ba. Ba don tsarinsa ba, da ba yarinya ɗaya za a tsallake ba, rabin duniya ne. An nuna mana haka ƙarara da kakan nasu, tsoho ɗan shekara 136, wanda ya fito da tsohon amalankensa na katako da wasu dabbobi takwas dangin barewa masu rassan ƙaho, wai zai kai Arthur. Ba yarinyar ce ta dame shi ba, so yake ya nuna wa 'yan zamani cewa aikin da ya fi. Da tsohuwar taswirarsa suka ɓata, dabbobin suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, suka firgita sojojin duniya har aka ɗauka baƙi ne daga wata duniyar. Suka ma isa wani gari mai suna Trelew, lambar gida daidai, ashe a wata nahiya suke. Na yi dariya har da hawaye, don duk wanda aka taɓa turawa Sabon Gari ko Unguwar Malam ba a faɗa masa ta wace mazaɓa ba ya san wannan ciwon. Zuciya mai kyau ba ta karanta taswira. Shi ya sa ƙarshen ya yi mini daidai: Arthur ya gaji kujerar uban, Steve ya ci gaba da riƙe ɗakin umarni.

Bryony kuwa ita ce tawa. Ko me aka ba ta, da salatif guda uku take naɗe shi, kuma ba ta yarda a kai kyauta tsirara ba ko da gari na wayewa. Har Arthur na tuƙa keken a guje tana manne tana naɗewa. Na yi aiki da mata irinta, waɗanda ko rana ta take ba za su bar bango ba lamba ba.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Tsakiyarsa ta ɗan yi ja, kuma da suka sauka a Afirka, a Tanzaniya, zakuna da namun daji kawai aka nuna, ba mutum ko ɗaya, kamar dai kullum. Sannan ƙaramar jikata ta tsare ni da tambaya: in da gaske kowane yaro ake kai wa, me ya sa ba a taɓa zuwa gidanmu ba? Na ce mata labari ne irin na Gizo da Ƙoƙi, a garin masu shi iyaye ne ke sayen kayan su ajiye da dare, kamar yadda babanta ke kawo atamfa da takalmin Sallah. Ta gamsu, ko da yake ta ce ita ma keke take so. Iyayen da za su nuna wa yara fim ɗin su shirya wannan amsar tun da wuri, don tambayar tana nan tafe.

Roƙona biyu ne. Masu fassara fina-finai a Kano, da suka iya sa jaruman Indiya yin Hausa har da baƙar magana, su duba wannan ta hanyar da ta dace, kuma kada su yanke mintunan farko na rabon kayan, don su ne gishirin. Na biyu ga matasanmu masu koyon zane mai motsi a kwamfuta. Muna da namu daren da rabo ke da wa'adi: zakkar fid-da-kai dole ta isa hannun mabuƙaci kafin a yi sallar Idi, ga kuma ƙullin naman layya da ake aiken yara da shi lungu-lungu. A yi mana katun a kan mai unguwar da ya tsara rabo tsaf, da yaron da ya tuna akwai wata tsohuwa a bayan gari da ba ta cikin takarda. In sun rasa wanda zai gaya musu yadda ake bin gida-gida ba a tsallake ƙofa ba, su zo ranar kasuwar Ringim su tambayi tsofaffin masu rigakafi, muna da yawa.

Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya,
daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.