Ruwan gonarmu daga teku yake tasowa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni manomin gero ne a ƙasar Daura, ban taɓa ganin teku da idona ba, amma na daɗe da sanin cewa abincin gidana yana rataye a kanta. Iskar da ke kawo mana damina daga kudu maso yamma take busowa, ta ɗebo danshi daga Tekun Atlantika, wajen mashigin tekun Gini da ke kudu da Najeriya. Idan ruwan wannan yanki ya yi zafi fiye da kima, hadari yakan daɗe a kudu, mu nan arewa mu yi ta kallon sama.

Har Tekun Fasifik ma, can kusa da ƙasar Peru a Kudancin Amurka, tana taɓa mu. A shekarar da ruwanta ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, daminarmu takan yi rauni. Ina yaro a farin 1983 da 1984. Na ga mahaifina ya tona ramin shuka da yatsa, ya fito da iri a bushe kamar ranar da aka zuba shi. Sau uku muka yi shuka a damina ɗaya, Allah kada ya maimaita mana.

Masana sun ce teku ce ke shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin duniya, don haka maganar ba ta wuce ba. Roƙona shi ne ku riƙa buga hasashen damina na NiMet, wato hukumar kula da yanayi ta Najeriya, da Hausa tun watan Maris, kafin mu sayi iri da taki.

Naku,
Wani manomi, Daura