Sunayen gida na ɓacewa a hannunmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan shafin canjin suna da jaridu ke bugawa. Duk wanda ya saba dubawa ya san yawancin masu zuwa can matsalar takardu ce ta kai su: sunan NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) bai dace da na BVN (lambar tantancewa ta banki) ba, ko na makaranta ya saɓa, musamman tun 2021 da hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta wajabta lambar NIN. Sai a je kotu a yi rantsuwa a zaɓi guda. Abin da na lura, wanda ake yarwa kusan kullum shi ne sunan gida.

Bahaushe yana da sunan yanka, yana kuma da sunan da ke ba da labarinsa. Ka ji Tanko, ka san mata ya biyo. Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba. Ajuji kuwa, uwarsa ta sha binne 'ya'ya kafin shi, aka kai shi juji aka ɗauko don ko mutuwa za ta raina shi ta bar shi. Wane fom ne zai ɗauki wannan?

Ba takardu kaɗai ba, har da mu. Wata 'yar ƙanwata Ladi ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce sunanta na ƙauye ne. Yanzu ko kakarta ta kira ta da shi, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Iyayen zamani kuma waya suke buɗewa su lalubo suna mai daɗin faɗa, wani ma ba su san ma'anarsa ba.

Ban ce a bar Muhammadu da A'isha ba, Allah ya kiyaye. Kakanninmu haɗa biyun suka yi, ba wanda ya ce sun rage addini. Balarabe Musa ya yi gwamnan Kaduna da sunansa, Malam Ibrahim Shekarau ya yi shekara takwas yana mulkin Kano da nasa.

Roƙona ga masu yi wa yara rajista, su riƙa tambayar iyaye sunan gida su sa shi a gurbin suna na tsakiya, maimakon a bar wurin fayau. Ku kuma, Edita, ku buɗe mana fili dattawa su aiko da sunayen garuruwansu da dalilin kowanne.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya