Ma'aikacin da Ke Ɓoye Kuskurensa, Tun Daga Gida Ya Koya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna. Na shafe shekaru masu yawa ina horar da sababbin ma'aikatan jinya, kuma na lura cewa takardar shaida tana nuna abin da mutum ya karanta ne kawai, amma abin da zai yi ranar da aiki ya ɓaci a hannunsa, wannan tun yana ƙarami aka dasa masa shi.

Wata rana wata ɗalibata, mai hazaƙa da natsuwa, ta ba majinyaci magani awa biyu bayan lokacinsa, sai ta rubuta a kati cewa ta ba shi a kan lokaci. Da na gano, na ja ta gefe, hannunta na rawa har biro ya suɓuce mata. Ta ce a gidansu duk yaron da ya fasa kofi bulala zai sha, ko ya faɗi gaskiya ko bai faɗa ba, shi ya sa ta taso ba ta san wata mafita ba sai ɓoyewa. Jinkirin bai tayar mini da hankali kamar abin da ta rubuta ba, domin da wannan rubutun ne ma'aikaciyar da za ta karɓi aiki bayanta za ta dogara, ta ƙara wa majinyacin magani alhali na farko bai gama aiki a jikinsa ba.

Bincike ma ya nuna nauyin shekarun farko. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand, masana sun bibiyi yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, kuma rahotonsu na 2011 ya nuna cewa waɗanda suka fi iya kame kansu tun suna ƙanana sun fi lafiya da tsarin tattalin kuɗi a shekara 32, ko da an cire tasirin kaifin ƙwaƙwalwa da arzikin iyaye.

Sai dai ban yarda cewa wanda ya taso cikin wahala an rufe masa ƙofa ba. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Emmy Werner, ta bibiyi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955, ta ga cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin talauci da rikicin gida sun zama manya masu riƙe kansu, kuma mafi yawansu sun sami wani babba guda, kaka ko malami ko maƙwabci, da ya tsaya musu. Haka Michael Faraday, ɗan maƙeri da aka haifa a Ingila a 1791, bai yi karatun boko mai zurfi ba; yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, maigidansa ya bar shi yana karanta abin da yake ɗinkawa, kuma a 1831 ya gano yadda maganaɗisu ke samar da lantarki, tushen da janareta ke aiki a kansa har yau.

Saboda haka kirana ga iyaye shi ne su bambanta yaron da ya yi kuskure ya faɗa da wanda ya ɓoye, ga shugabannin wuraren aiki kuma su sani cewa mai yiwuwa su ne wannan babban guda ga wani matashi. Ita ɗalibata, na sa ta gyara katin da hannunta, na tsaya kusa da ita ta gaya wa likita da bakinta. Sai da aka yi kusan shekara kafin ta zo mini da kuskurenta ba tare da na tambaye ta ba.

Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya.